Yarda ce ko Tilas? Sharhi a Kan Amanarmu a Hannun Manyan Kamfanonin Sadarwa



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, wadda za ka ji ta a majalisar dattawa bayan sallar La'asar, ka ji ta a teburin mai shayi, ka kuma ji ta a tsakar gida wurin mata, ita ce cewar da ake yi, "Wayar nan fa tana jin mu." Mutum zai ba ka labari, har da rantsuwa, cewa jiya-jiyan nan suka yi zancen takalmi da abokinsa, bai rubuta ba, bai nema ba, amma da ya buɗe Facebook da dare sai ga tallan takalma sun yi masa jerin gwano. Masu ilimin zamani idan suka ji haka sukan yi murmushi su ce camfi ne kurum, shi ma kamfanin ya sha fitowa yana musanta cewa yana sauraren hirar mutane domin talla. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, ko da talaka ya kuskure wajen faɗin hanyar da ake bi, bai kuskure ba wajen jin da yake yi a jikinsa cewa an san shi fiye da yadda ya ba da izini a san shi. Kuma wannan zargi nasa ba daga jahilci ya tsiro ba, daga tarihin kamfanonin nan ne da kansu, wanda yake rubuce a kundin kotuna da na hukumomi a ƙasashe daban-daban.

Bari mu faro daga WhatsApp, tun da shi ne ya fi shiga gidajenmu. Mutum biyu ne suka kafa shi a Amurka a shekarar 2009, Jan Koum da Brian Acton, kuma shi Koum haifaffen Yukren ne tun tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat, watau ya buɗe ido a ƙasar da iyaye ke taka-tsantsan da maganar da za su yi ta tarho don sanin cewa akwai mai kasa kunne. Saboda haka tun farko suka gina sana'arsu bisa alkawarin cewa babu talla, babu tara labarin mutane, sai dai a biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kimanin dala ɗaya a shekara. A shekarar 2014 Facebook ya saye kamfanin a kan kuɗin da aka sanar da fari cewa dala biliyan 19 ne, Koum ya fito ya kwantar wa mutane da hankali cewa babu abin da zai sauya, shi kuma Facebook ya shaida wa Hukumar Tarayyar Turai, lokacin da take duba halaccin cinikin, cewa ba shi da tabbatacciyar hanyar da na'ura za ta haɗa sunan mutum na Facebook da lambarsa ta WhatsApp. Shekara biyu kacal bayan haka, a watan Agustan 2016, sai ga sanarwa cewa WhatsApp zai fara miƙa wa Facebook lambobin wayar mutane. Da hukumar ta koma ta bincika, sai ta iske ashe tun a 2014 hanyar tana nan kuma ma'aikatan kamfanin sun san da ita, ta ci shi tarar yuro miliyan 110 a 2017 saboda bayanin da ya ba ta mai ɓatarwa. Acton ya bar kamfanin a wannan shekarar, ya kuma zuba dala miliyan 50 wajen raya wata manhaja kishiya mai suna Signal. Koum ya bi bayansa a 2018. To, idan waɗanda suka haifi abu suka tattara nasu ya nasu suka fita, ba a ce wa na waje mai mugun zato don ya ɗaga gira.

Sa'an nan aka zo watan Janairun 2021, wanda da yawa daga cikinmu za su tuna, lokacin da wani rubutu ya riƙa faɗowa a fuskar waya yana cewa an sabunta sharuɗɗa, kuma duk wanda bai amince ba kafin ranar 8 ga Fabrairu, to ya nemi wani wurin. Duniya ta ɗauki zafi, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu, yana bayanin cewa sauyin ya fi shafar hira da 'yan kasuwa ne, ba hirar mutum da iyalinsa ba.

A nan wajibi ne mu yi adalci, domin ƙin mutum ba ya halatta yi masa ƙage. Tun watan Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, ta yadda mabuɗin yana wayar mai aikawa da wayar mai karɓa kaɗai, kuma masana harkar sun yarda cewa kullen mai ƙarfi ne. Saboda haka saƙon muryar da ake ta yaɗawa a guruf-guruf, wai daga gobe za a fara karanta hirar kowa a ofishin kamfani, shaci-faɗi ne, kuma illarsa ita ce yana ɗauke hankalin mutane daga inda ɓarnar take. Kamfanin ba ya bukatar ya karanta abin da ka rubuta. Ya san lambarka, ya san lambobin da ke cikin wayarka idan ka buɗe masa su, ya san irin wayar da kake riƙe da ita da layin da kake amfani da shi, ya san lokacin da kake hawa da lokacin da kake sauka, ya san guruf ɗin da kake ciki da sunansa, ya kuma san yankin da kake daga adireshin da intanet ke ba wayarka. A Facebook da Instagram kuwa abin ya zarce haka, domin ana lissafe da abin da ka so, da wanda ka bi, da hoton da ka tsaya a kansa ka daɗe, har da wasu shafuna na waje da ka ziyarta, waɗanda masu su suka dasa wata 'yar alama ta kamfanin da ke kai rahoto gida.

Wanda ya tashi a cikin birni ya san dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙunshin atamfa da kwanuka da sarƙoƙi. Ba ta taɓa buɗe wasiƙar kowa ba, ba ta laɓe a bayan ɗaki ba, amma ta san gidan da ake shirin aurar da yarinya tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, ta san matar da ta fitar da 'yan kunnenta na zinariya a ɓoye don maigida ya shiga matsi, ta san kishiyoyin da ba sa ga maciji, duk daga abin da aka saya da abin da aka sayar da lokacin da aka kira ta. Abin da ya sa ake sake mata labule shi ne an san gidansu, an san mijinta, kuma ranar da ta kwashi asirin wani gida ta kai wani, unguwa za ta rufe mata ƙofa, cinikinta ya mutu. Yanzu sai ku ƙaddara dillaliyar da ke shiga gidan mutum sama da biliyan biyu, ba ta mantuwa, ba ta barci, mazauninta yana Kalifoniya, babu mai unguwar da zai aika a kira ta, kuma abincinta gaba ɗaya daga wannan sani da ta tara yake fitowa. A shekarar 2024 kamfanin Meta, wanda shi ne uwar Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 164, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Mai talla kuwa ba don Allah yake biya ba, yana biya ne don an yi masa alkawarin za a kai hajarsa gaban wanda aka riga aka san zuciyarsa ta karkata gare ta.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, in dai tallan takalmi ne a nuna mini, ni ba ni da abin ɓoyewa. Amsa ita ce, abin da aka tara ba ya zama inda aka tara shi. A watan Maris na 2018 jaridar Observer ta Ingila da New York Times ta Amurka suka fallasa, ta bakin wani tsohon ma'aikaci mai suna Christopher Wylie, cewa wani kamfanin masu ba 'yan siyasa shawara, Cambridge Analytica, ya mallaki bayanan ɗimbin mutane daga Facebook. Yadda abin ya auku shi ne abin lura. Wani malamin jami'a, Aleksandr Kogan, ya ƙirƙiri 'yar manhaja ta tambayoyin gane halin mutum, mutane kimanin 270,000 suka shiga. Amma saboda ƙofar da Facebook ya bari a buɗe a wancan zamani, kowane ɗaya da ya shiga sai da ya jawo bayanan abokansa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, har adadin ya kai miliyan 87 bisa ƙiyasin shi Facebook ɗin da kansa. Aka kira shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri, kuma a 2019 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta ci kamfanin tarar dala biliyan 5, saboda ya saɓa yarjejeniyar kiyaye sirrin mutane da ya riga ya ɗauka a gabanta tun 2012. Shi wannan Cambridge Analytica ba baƙo ba ne a wurinmu, domin jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa wani attajiri ɗan Najeriya ya ɗauke shi haya gabanin zaɓen 2015 don a ɓata takarar Muhammadu Buhari, inda aka yi amfani da wani bidiyo mai cike da zub da jini ana tsoratar da masu zaɓe da shari'ar Musulunci. Irin mutanen da bayanan jama'a ke faɗawa hannunsu ke nan.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo ga Musulmi. A watan Nuwamban 2020 wani bincike na 'yan jarida a Amurka ya gano cewa manhajar Muslim Pro, wadda mutane kusan miliyan 100 suka sauke don sanin lokutan salla da alƙibla da karatun Alƙur'ani, tana miƙa bayanin wurin da masu amfani da ita suke ga wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a hannunsa har da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja wani abu, suka kuma yanke hulɗa da dillalin; a farkon 2024 hukumar cinikin Amurka ta hana shi wannan dillali sayar da bayanan wurare masu tsarki da makamantansu. Amma ku dubi lamarin da idon basira: bawan Allah ya buɗe wa manhaja wurin da yake don ta nuna masa gabas, ashe a lokaci guda tana nuna wa wasu inda ya kwana da masallacin da yake zuwa.

A watan Afrilun 2021 kuma aka wayi gari an zube bayanan mutum miliyan 533 na Facebook daga ƙasashe 106 a wani dandali na masu kutse, kyauta ga mai so, da sunaye da lambobin waya, har da na miliyoyin 'yan Najeriya. Kamfanin ya ce ai tsohon zance ne, ɓarakar an toshe ta tun 2019, bai kuma bi mutane ɗaya-ɗaya ya sanar da su ba. Sai dai lambar waya a ƙasarmu ba ta tsufa. Ita ce a jikin asusun banki, ita ce a jikin lambar zama ɗan ƙasa, wani ma ita ce lambar asusun nasa kacokan. Daga irin wannan ne za ka ji an kira dattijo da sunansa da na mahaifinsa, da murya mai ladabi, a ce, "Baba, an sa ka cikin taron ƙungiya da za a yi da yamma, yanzu za a turo maka wasu lambobi shida, sai ka karanto mini." Yana karantowa an ƙwace masa WhatsApp, kafin Magariba an aika wa 'ya'yansa da surukansa da abokan cinikinsa saƙo da sunansa cewa yana asibiti a taimaka.

To, duk lokacin da aka tuhumi kamfanonin nan, hujjarsu guda ce, ita ce mai waya ya amince. A nan nake so mu ɗan daɗe. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko makamanciyarta a Kaduna ko Maraɗi, ya ga yadda ake ƙulla wannan amincewa. Dattijo ya zo daga ƙauye ya sayi waya, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Ɗana, sa mini abin nan da ake magana da hoto, yaran suna Legas." Yaron ya karɓa, ya buɗe masa adireshin Google da sunan da ya ga dama da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, ya sauke manhaja huɗu ko biyar, kuma duk rubutun da ya faɗo, mai neman izinin shiga lambobi ne, ko hotuna, ko wurin da ake, ko sharuɗɗa masu shafi da yawa da Turancin lauyoyi, babban yatsansa na kan maɓalli yana dannawa yana hira da maƙwabcinsa, bai karanta ba, bai fassara ba. Cikin minti goma ya miƙa wa dattijo waya ya karɓi ladansa. A littafin kamfani an rubuta cewa Malam wane ya karanta, ya fahimta, ya yarda. Kada kuma mai digiri ya yi wa dattijon dariya, domin shi ma bai karanta ba; bambancinsu kawai shi da yatsansa ya danna.

Ban zo da fatawa ba, wannan fagen malamai ne; amma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin ciniki a Risala ya san cewa shari'a ba ta tsaya ga lafazin baki kaɗai ba, sai da ta shar'anta yardar ɓangarorin biyu, ta hana garari, watau cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, ta hana algus da ɓoye aibin haja, kuma malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa cinikin wanda aka tilasta ba ya lazimtarsa. Idan muka auna wannan mu'amala da wannan ma'auni, za mu iske mai waya bai san abin da ya bayar ba, bai san wanda za a miƙa wa ba, bai san ranar da za a daina amfani da shi ba, kuma ɗaya ɓangaren ya riƙe wa kansa ikon sauya sharaɗi duk ranar da ya so. Game da tilas kuwa, gaskiya ne babu wanda ya ɗora wa kowa wuƙa a wuya. Amma matar da ke sayar da turaren wuta da kayan kwalliya daga ɗakinta, wadda duk masu sayenta a WhatsApp suke, da ɗalibin da malaminsa ke tura jadawalin jarrabawa a guruf, da direban da ake kira ta nan, da uwar da ɗanta ke Jidda ko Kumasi, idan aka ce musu ku amince ko ku fita, wace fita ce gare su? Mutum ɗaya ba ya ƙaura daga inda kowa nasa yake. Haka kuma Alƙur'ani mai girma ya yi hani ga tajassusi a Suratul Hujurati, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya faɗi ba don kawai mai leƙen na'ura ce, gidan kuma waya.

Kusan wannan hujja ce, da harshen doka, Hukumar Tarayya Mai Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, wadda aka fi sani da FCCPC, ta kafa a Najeriya. Ta fara bincike a watan Mayun 2021, tare da haɗin gwiwar hukumar kare bayanai, kuma a ranar 19 ga Yulin 2024 ta ci Meta da WhatsApp tarar dala miliyan 220. Laifuffukan da ta lissafa sun haɗa da hana 'yan Najeriya ikon sarrafa bayanansu, da miƙa bayanan ga wasu ba da izini ba, da amfani da rinjayen kasuwa wajen ɗora wa mutane sharuɗɗan da ba su da mafita daga gare su. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na nuna bambanci, domin hukumar ta iske kariyar da ake ba mutumin Turai ba ita ake ba ɗan Najeriya ba, alhali manhaja ɗaya ce, kamfani ɗaya ne. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun watan Mayun 2018 Turai take da doka mai haƙora, wadda da ita hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci WhatsApp tarar yuro miliyan 225 a 2021, ta kuma ci Meta yuro biliyan 1.2 a 2023. Ashe dai kamfanin ya iya ladabi, yana duba fuskar mai gida ne kafin ya cire takalmi. Indiya ma ta ci shi tara a ƙarshen 2024 a kan waɗannan sharuɗɗa na 2021, saboda haka ba Najeriya ce ta ƙago ƙorafin ba.

Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kuma a ranar 25 ga Afrilun 2025 kotun musamman mai sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar. A wannan tsakani hukumar kare bayanai ta ƙasa ta ɗora nata, dala miliyan 32.8, hukumar kula da tallace-tallace ma ta ɗora nata, har jimillar ta kai kimanin dala miliyan 290. Sai Meta ya rubuta a takardun da ya shigar kotu cewa mai yiwuwa ala tilas ya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Hankalin 'yan kasuwa ya tashi, wasu matasa suka juya suna zagin hukuma, wai za ta toshe musu hanyar abinci, ita kuwa FCCPC ta ce wannan dabara ce ta tunzura jama'a, kuma ficewa ba ta goge bashin da kotu ta tabbatar. Ku yi lissafin da kanku: kamfanin da ya samu sama da dala biliyan 164 a shekarar 2024, dala miliyan 220 kuɗin shigarsa ne na kimanin rabin yini. An ci shi ninkin haka sau biyar da ɗoriya a Turai a zama ɗaya, bai ɗaure kayansa ba. Barazanar da kanta ta zama shaida a kan mai yin ta, domin ba ya faɗin haka sai wanda ya tabbata cewa mutane ba su da wata madafa, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake tuhumarsa da shi.

Ba na musun alherin da ke cikin abin nan. Ya haɗa zumunci, ya buɗe wa matan kulle kasuwa ba tare da sun taka ƙofar gida ba, ya kai karatun malamai ƙauyukan da ba su taɓa zuwa ba, kuma lokacin da kamfanin NSO na Isra'ila ya yi amfani da wata ɓaraka a WhatsApp ya dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayoyin mutum kimanin 1,400 a 2019, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam, shi WhatsApp ɗin ne ya kai ƙara kotu a Amurka, ya kuma yi nasara. Amma kasancewar mutum ya yi maka alheri ba ta mayar da amanarka halaliyarsa.

Kuma kada a ɗauka manya ne kaɗai. Mun ga manhajojin ba da bashi, waɗanda ke ba mutum naira dubu goma ko ashirin cikin minti biyar bayan ya buɗe musu lambobin wayarsa, ranar da ya yi jinkirin biya kuwa sai surukinsa da limamin unguwarsu da shugabansa a wurin aiki su sami saƙo ɗauke da hotonsa, an kira shi ɓarawo, wani ma a sanar da mutuwarsa yana raye. FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, amma sai a ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane, alhali a rumbunsa ake sauke su tun farko, kuma mabuɗin wannan ƙofa yana hannunsa duk tsawon shekarun da ake ci wa mutane mutunci.

Ita ma gwamnati, da take tsaye a matsayin mai ƙwato mana haƙƙi, ba za mu sake mata jiki gaba ɗaya ba. Ita ce ta wajabta haɗa layin waya da lambar zama ɗan ƙasa, ta tara hoton fuska da zanen yatsun mutane a rumbu ɗaya, sa'an nan a 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bankaɗo shafunan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan kuɗi ƙalilan, wani ma naira 100 kacal, ko da yake hukumar da ke ba da lambar zama ɗan ƙasa ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ita ce kuma ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan an goge wani saƙon shugaban ƙasa, abin da ya sa duk lokacin da ta ɗaga sanda a kan wani kamfanin sadarwa, mutane kan tambaya ko don su ne ko don kanta.

Duk da haka, shawarar da ake yawan ba talaka, wai ya kula, ya karanta kafin ya danna, ba ta isa ba, har ma akwai rashin adalci a cikinta, domin ɗora wa mai rauni nauyin tsare kansa daga mai ƙarfi ne. Magabata ba su ce wa kowane mai sayen hatsi ya zo kasuwa da mudunsa ba. Sun naɗa muhtasibi, a daular Sakkwato da wasunta, wanda aikinsa ke nan ya bi awo da sikeli ya hukunta mai tauyewa, don wanda bai iya lissafi ba ma ya sayi abinsa cikin aminci. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ɗan Najeriya haƙƙin ya tambayi kowane kamfani abin da ya tara a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ya janye amincewar da ya bayar, ya kuma kai ƙara gaban hukuma. Amma mutum nawa ne a Funtuwa ko Azare aka taɓa karanta wa wannan da harshen da suke ji? Tun 2016 Facebook ya sa Hausa cikin harsunan shafinsa, har Zuckerberg ya yi alfahari da haka lokacin da ya zo Legas a wannan shekarar. Wanda ya iya kiranmu da Hausa mu shigo, ya iya gaya mana da Hausa, a taƙaice, da murya ma don wanda bai iya karatu ba, abin da zai ɗauka daga gare mu.

Kuma a cikin hukuncin nan na FCCPC, ba kuɗin ne ya fi muhimmanci ba, domin tara baitulmali take shiga, dattijon da aka ƙwace wa lamba ba zai ga ko sisi ba. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne umarnin da ke tare da ita: cewa a daina miƙa bayanan masu WhatsApp ga sauran kamfanonin Meta da na waje sai da izini bayyananne, a koma tsarin 2016, a kuma sa wa mutum shafin da zai zaɓa da kansa, ya ce na yarda ko ban yarda ba, ba tare da an kore shi don ya ƙi ba. Saboda haka muna kira ga hukumomin nan biyu, FCCPC da hukumar kare bayanai, da su riƙa fitowa lokaci-lokaci, a gidajen rediyo, suna bayyana wa jama'a dalla-dalla wane umarni aka cika, wanne ya rage, kuma idan an yi wani sulhu a bayan kotu, a karanta mana sharuɗɗansa. 'Yan majalisarmu kuma su riƙa kiransu suna tambaya, domin bayanan da ake sulhu a kansu namu ne.